Shekarar da Na Hana Kawunku Amshi

Nafisa, ke kika kawo mini wayarki ranar Juma'a, kika nuna mini wani saurayi mai tabarau yana yi wa jama'a bayani a kaina. Na saurare shi har ƙarshe, domin ba kowa Allah ke ba damar jin abin da za a faɗa a kansa bayan ya mutu alhali yana zaune yana shan shayi ba. Ya ce wai gudun da nake yi a waƙa, wannan da ba tsayawa ba numfashi, daga samarin Landan na aro shi. Wannan bai dame ni ba, mai bincike ma dole ya ci abinci. Abin da ya dame ni shi ne abin da yayanki Bashir ya jefo daga ƙofar kicin, cewa ai kowa ya sani ranar da aka kore ni daga karatu abokaina shiru suka yi, kuma kawunku Ilyasu ya fi kowa iya shirun. Ban san wanda ya sayar muku da wannan labari ba. Na dai daɗe da lura cewa idan kawunku ya kira daga Katsina gaisuwarku gajera ce, irin ta mai jiran bas. To ni ne na tsaya a gaban mutane a ranar, ni kuma zan gaya muku yadda aka yi.

Ba a nan unguwar Hadayik ta Alƙahira muke ba a lokacin. A Abbasiya muke, mu huɗu, a hawa na ƙarshe na wani tsohon bene, ƙarƙashin rufin da matan gidan ke shanya da kiwon tantabaru. Idan ka ce wa Bamisire a Abbasiya kake zaune sai ya yi murmushi, domin a bakinsu sunan unguwar da hauka tafiyarsu ɗaya, saboda asibitin mahaukata da ke can, mu kuma ba mu yi wani ƙoƙarin wanke unguwar daga zargin ba. Babbanmu Malam Datti, mutumin Zariya, ya baro mata da yara a gida, jarrabawa ɗaya ta rage masa ya koma. Shi ke tuƙa mana tuwo, yana auna kukar da aka aiko masa kamar mai auna magani. Sai Ilyasu, wanda zuciyarsa ke kan hancinsa, ɗa namiji tilo a wurin mahaifiyarsa, ita da ƙanwarsa Hauwa, wadda daga baya ta zama mahaifiyarku, ba su da wanda suke kallo sai shi. Sai Sa'idu, yaro daga wajen Daura, mai kyan rubutu, wanda in ya yi dariya kafaɗunsa kawai ke motsi. Na huɗu ni, ɗan alƙali, an turo ni in sha nahawu da aruli in koma in gaji buzun mahaifina. Dukanmu wata hukuma ce daga gida ta turo mu da minha, wato tallafin karatu, kuma igiya ɗaya ce ta ɗaure komai: in an yanke maka minha jami'a ta sallame ka, in jami'a ta sallame ka takardar zama ta mutu, ka zama mutumin da ke kauce wa inuwar ɗan sanda.

Gaskiyar da ke cikin maganar mai tabarau ƙanƙanuwa ce, amma ba zan hana shi ita ba. Akwai wani Usman a hawan ƙasa da mu, Bahaushen Sudan mai aiki a jirgin ruwa. Shi ya dawo daga wata tafiya da kaset na irin kiɗan da samarin Ingila suka fito da shi a shekarun nan, suna ce masa pank. Ƙara ce kamar maƙera sun yi faɗa a cikin rumfa. Malam Datti ya saurara kaɗan ya ce ashe Turawa ma aljanu na kama su. Amma a tsakanin ƙarar akwai wurin da kiɗa ya ɗauke, wani mutum ya tsaya shi kaɗai yana magana cikin fushi, jama'a na yi masa ihu. Ban gane ko rabin abin da yake faɗa ba. Abin da na gane shi ne ba shi da kalangu, ba shi da ubangida, ba ya yabon kowa, kuma abin da ya faru a layinsu yake faɗa. Ni da na shekara ina auna baitocin mutanen da suka mutu tun kafin a gina ganuwar Kano, wannan ya shige ni. Shi kaɗai na ɗauka daga kaset ɗin. Saurin ban ɗauke shi a can ba.

Waƙoƙina na farko a hankali suke tafiya, irin ta gida. Ranar Alhamis bayan la'asar mukan hau rufi, Ilyasu na dukan gwangwanin man shanu, ni ina faɗin ɗango in tsaya, su amsa. Na yi ta bas ɗin da ba ya tsayawa sai dai ya rage gudu, na yi ta wake da gurasa safe da yamma, na yi ta malamin da ke karanta mana littafinsa da idonsa a rufe. Malam Datti yakan zauna nesa da carbi, yana cewa shi iska ya zo sha, amma leɓensa na motsi tare da amshin. Ku da kuka tashi a nan dole in yi muku bayanin abin nan, domin a kansa komai ya rataya. A wurinmu mawaƙi ba shi kaɗai ke waƙa ba. Yana faɗin nasa ya bar gurbi, 'yan amshi su cike, kuma wanda ya cike gurbin ya sa hannu a maganar. In mawaƙi ya taɓa mai iko, da 'yan amshinsa ake korarsa daga gari. Sannan Bahaushen da ya san amshi, in gurbin ya zo, bakinsa na amsawa kafin ya yi shawara da kansa, kamar yadda kake cewa amin in an yi addu'a ko da ba ka son limamin.

Da sanyi ya shigo a shekarar, Sa'idu ya fara tari. Sanyin Alƙahira ba ya ihu, ta ƙarƙashin tayil yake bi ya shiga ƙashi. Likita ya duba shi ya ce ƙirji ne kuma ya yi nisa, shi kuwa Sa'idu bai roƙi komai ba sai a mayar da shi wurin mahaifiyarsa. Hukuma ce ke da ikon ba da tikiti. Muka buga waya, muka ba kowane matafiyi saƙo, muka ba wani mahajjaci da ya biyo ta nan, muka sake bugawa. Ilyasu ne ke jinyarsa, yana dafa masa ruwan zafi da citta, yana faɗa masa ƙarya iri iri game da jirgin da zai tashi mako mai zuwa. Wata safiya Sa'idu ya cika. Malam Datti ya yi masa wanka, muka kai shi maƙabartar da ke gindin dutse, muka bar shi a tsakiyar mutanen da ba su san sunan garinsu ba. Bayan kwanaki na hau rufi na yi waƙar da ba ta da gwangwani. Ga kaɗan daga ciki:

Mun ba mahajjaci saƙo ya kai,
Mun buga waya har wayar ta gaji,
Sanyi ya zo, tari ya zo,
Mala'ika ya zo a kan lokaci.

Bayan kowane ɗango akwai gurbi, amshin kuma kalmomi ne kaɗan: ba a zo ba. Ban rubuta ta ba, ban ba kowa ba, amma kafin sanyi ya fita ba gidan ɗalibai a Abbasiya da ba a san ta ba. Har 'yan Nijar, da ba hukumarmu ɗaya ba, sukan tare ni a bakin masallaci su faɗi amshin a hankali maimakon gaisuwa.

Sai da zafi ya fara aka zo. Tawaga ce ta mutum biyu daga hukuma, su duba lafiyar ɗalibai. Shugabanta Alhaji Maikano, mutum mai faɗi da fara'a da turare. Magatakardansa Malam Tanimu siriri ne, ba ya magana, kuma in kana magana bakinka yake kallo ba idonka ba. Suka hawo gidanmu, Alhaji na haki, ya nemi wurin zama ya sauka a kan katifar Sa'idu da muka naɗe a kusurwa. Muka ba shi shayi muka jira. Kun san abin da muke jira. Ko maƙiyinka ne, in ya shigo gidan da aka yi rashi, kafin ya ce komai sai ya ce ya haƙuri, Allah ya jiƙansa. Alhaji ya tambaye mu inda ake samun fitilun ado masu kyau, da kasuwar darduma, da ko gaskiya ne zinariya ta fi araha a nan. Da Malam Datti ya ga shayi ya kusa ƙarewa sai ya buɗe masa ƙofa da kansa.

“Ranka ya daɗe, wannan shimfiɗar marigayi ce.”

Alhaji ya danna katifar da tafin hannu ya ce ai kuwa audugar Masar ba ta da na biyu.

Na ji Ilyasu ya ajiye kofinsa. Na taka masa ƙafa.

Al'ada ce in tawaga ta zo ɗalibai su yi mata walima, wani ɗalibi ya tashi ya karanta ƙasidar maraba, a yabi baƙo a yabi hukuma, a tafa, a ci shinkafa. Ni aka ɗora wa, domin ni ne na fi kowa sanin aruli, kuma ilimi ba ya rasa hanyar da zai rama wa mai shi. Da muka rako su ƙasa, Malam Tanimu ya rage tafiya a kan matakala har muka jera. Ya ce sun ji labarin wata waƙa tun kafin jirginsu ya sauka. Ya ce shi ba ya jin waƙa, amma yana da ido, kuma a wurin walima zai zauna inda zai ga kowa.

“Duk bakin da na ga ya motsa a kan abin da ba a tsara ba, mai shi ya gama karatu.”

Ya faɗa a hankali, kamar mai gaya maka farashin albasa, sannan ya yi mini sallama mai kyau.

Da yamma a kan tuwo gidanmu ya rabu. Ilyasu ya ce in na karanta yabo ga mutumin da ya zauna a kan Sa'idu yana yabon auduga, to kada in ƙara kiransa ɗan'uwa. Ya ce in yi waƙar Sa'idu, shi zai fara amsawa, in ya amsa kowa zai amsa, kuma ba za su iya korar zaure guda ba. Malam Datti ya ce za su iya, har su yi barci mai daɗi, domin a gida akwai samari cike da layi suna jiran gurabenmu. Ilyasu ya ce masa tsoro ne ya tsufa ya sa rawani. Na ɗauka Malam zai yi fushi. Sai ya wanke hannunsa, ya share a jikin zanen da ke kafaɗarsa, ya juyo gare ni, ba ga Ilyasu ba.

“Habu, ni na wanke yaron nan. Na san nauyinsa. In ka fara waƙar nan ka bar gurbi, bakina ba zai yi mini biyayya ba, zan amsa. Ina da 'yar da aka haifa bayan na taho, ban taɓa ganinta ba. Don Allah kada ka fara.”

Ban taɓa jin babba ya roƙi ƙarami irin wannan roƙon ba. Na yi masa alkawari zan karanta ƙasida. Ilyasu ya tashi ya bar tuwonsa, abin da bai taɓa yi ba ko da zazzaɓi.

Na zauna na tsara ƙasidar, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ta yi kyau. Na kwatanta Alhaji da kogin Nilu, da ruwan farkon damina, da inuwar gawo. Wata kaɗai ya tsira, shi ma don ƙafiyar ta ƙi karɓarsa ne. Ba karaya ko ɗaya a ma'auni. Na karanta wa Malam Datti ya ce madalla, yana kallon ƙasa. Kwanakin da suka rage kafin walima gidan ya zama kamar ɗakin jiran likita. Ilyasu ba ya yi mini magana sai ta hannun Malam, ko gishiri yake so. A hanya kuwa ɗalibai na tare ni, wani ya ce kada in ba su kunya, wani ya ce kada in jawo musu, wani ya faɗi duka biyun a numfashi ɗaya.

A wani zauren haya aka yi walimar, bayan azahar. Kowa ya sa rigarsa ta salla. Alhaji na kan tebur a gaba, Malam Tanimu a gefensa. Aka buɗe da addu'a, Alhaji ya tashi ya yi jawabi a kan haƙuri da biyayya da darajar neman ilimi ko a Sin ne. Ina zaune da takardata, na riga na haƙura, har na fara tunanin shinkafa. Sai ya rufe da godiya ga Allah. Ya ce sun zo sun zagaya gidajenmu, sun same mu duka lafiya lau, ba wanda ya yi ko ciwon kai, kuma haka zai je ya shaida wa iyayenmu.

Zauren ya yi tsit, har ana jin fankar sama. A cikin wannan shirun aka kira sunana.

Ba zan ce muku jarumta ce ba, domin jarumi yana shiryawa. Na tsaya, na buɗe takarda, na ga baitin farko da Nilu a ciki, na tuna cewa cikin iyayen da za a je a shaida wa har da wata tsohuwa a wajen Daura. Sai na ji bakina ya ce mun ba mahajjaci saƙo ya kai.

Zauren gaba ɗaya ya ja numfashi, na ji shi kamar zugazugin maƙeri. Abin da na gani a wannan ɗan taƙin har yau in na rufe ido yana nan. Ilyasu ya ɗago daga kujera, hannunsa a kan gwiwa. Malam Datti ya runtse ido, leɓensa sun rabu. Malam Tanimu kuwa bai ko dube ni ba, ya juya kujerarsa ya fuskanci jama'a, alƙalami a hannu. Gurbin ya zo, gurbin da ni na koya musu, kuma na san abin da zai faɗa ciki: Malam da 'yarsa, Ilyasu da uwarsa da Hauwa, da yaran da suka zo bana ba su ma san Sa'idu ba. Na riga na karya alkawarin kada in fara. Abin da ya rage a hannuna shi ne gurbin.

Sai na ɗora ɗango na biyu a kan na farko kafin ya gama sauka. Na ɗora na uku a kan na biyu. Ban tsaya ba. Inda amshi ya kamata ya shiga na cusa kalma ta gaba, in numfashi ya ƙare in sace shi a tsakiyar kalma inda ba mai iya shigowa. Na ga Ilyasu ya buɗe baki, na ɗaga murya na bi ta kansa. Ya sake gwadawa a ɗango na gaba, na ƙara gudu. Ni kaina ban faɗi amshin ba ko sau ɗaya, domin in na faɗa za su kama. Waƙar da muke yi a kan rufi a hankali har tantabaru su gama shiga, na zazzage ta kamar buhun tsakuwa a kan kwano. Bakuna a buɗe a duk zauren, ba wanda ya samu wurin sa harshe. Kowa na jin amshin a cikin kansa, har na ga wasu na gyaɗa kai a daidai inda ya kamata ya faɗo, amma gyaɗa kai ba ya cikin abin da aka ce za a rubuta.

Da farko Alhaji ma gyaɗa kai yake, ina jin ya ɗauka wani sabon ma'auni ne da ake koyarwa a Masar. Sai da na kai ga sunan Sa'idu da garinsu, na ƙara ɗangon da babu shi a da, na katifa da audugar da ba ta da na biyu, sannan murmushin ya sauka daga fuskarsa a hankali. Na kai ƙarshe muryata ta tsage, idona na ganin baƙi baƙi, na zauna a ƙasa a inda nake. Ba wanda ya tafa. Malam Tanimu ya dudduba zauren daga wannan bango zuwa wancan, ya rubuta abu gajere, ya rufe alƙalaminsa. Aka ci shinkafa, domin an riga an dafa.

Washegari aka kira ni masaukinsu. Malam Tanimu ya gaya mini abin da na riga na sani, cikin ladabi, har ya tambaye ni ko ina da abin cewa. Na ce babu, na faɗe shi jiya. Ya tambaye ni sunayen waɗanda suka saba yi mini amshi. Na ce ai yana wurin, yana da ido, shi ya gaya mini. Ina fita Alhaji ya biyo ni bakin ƙofa, ba rawani, ba turare, ya tsufa a dare ɗaya. Ya ce yaron nan, ba a gaya masa ba, shi ya ɗauka marigayin da aka ambata mijin mai gidan ne. Sannan ya ce Allah ya jiƙansa. Har yau ban san ko gaskiya ya faɗa ba. Na amsa da amin, shi kuma bai janye hukuncin ba.

Abin da ya biyo baya kun san wasu. An ba ni zaɓin in bi su in koma, na ƙi, domin na san abin da ke jirana a zauren mahaifina. Saƙonsa ya same ni ta bakin wani ɗan kasuwa: a gaya mini ya aiko ɗalibi an mayar masa da maroƙi. Na so in aika a ce masa maroƙi yabo yake yi a ba shi riga, ni tawa aka tuɓe, amma ba a mayar wa uba magana ko ta hannun fatake. Na yi shekaru ba takardar zama, ina yi wa 'yan kasuwa tafinta, ina ɗaukar takardu a wata maɗaba'a, ina canza hanya in na hango kaki. Kafin takardata ta gyaru in iya tafiya in dawo, an binne shi. Wannan shi ne abin da ya fi tsada, kuma ba na son a riƙa tsallake shi in ana ba da labarina a waya.

Waƙa kuwa ta bi ni. Usman ya kai ni wani ɗakin ƙasa inda samarin Masar da na Sudan ke taruwa da gitar aro, na yi musu da Hausa, daga baya da Larabcin titi. Ba su ji rabin maganar ba, gudun suka zo gani, suna rantsuwa wai ba na numfashi. Na sha gwada in tsaya a ƙarshen ɗango, a wuraren da ba mai alƙalami ba mai hukuma, sai in ji ƙirjina ya ƙi, in ga kamar wani zai faɗa ramin. Haka na tsufa a kai. Malam Datti ya ci jarrabawarsa ya koma Zariya, ya aiko mini da kuka har ƙarshen ransa ba tare da wata magana a ciki ba. Kawunku ya gama, ya koma ya riƙe mahaifiyarsa, shi ya zama waliyyin Hauwa ya ba ni ita. Bai taɓa zuwa ya ji ni ina waƙa ba, ko da ya ziyarce mu nan ana gayyatata wurare. Dalilin yana cikin abin da ya faɗa mini ranar da na bar gidan Abbasiya.

Gidan na masu minha ne, dole in fita. Na ɗaure akwatina da hantsi, mai amalanke na jira a ƙasa. Tun ranar walima Ilyasu bai ce mini uffan ba. Ina jan akwatin zuwa matakala sai ga shi ya tsaya a ƙofa, littafi a hannunsa, yatsa a tsakiyar shafi.

“Wa ya ba ka izini?”

Na ce izinin me.

“Sa'idu abokina ne kafin ya zama waƙarka. Ni na riƙe masa kwano yana tofar da jini. Kalma huɗu nake da ita a duniya da zan faɗa masa a gaban mutanen nan, ka bi ta kaina ka cinye. Ka bar ni a tsaye baki buɗe kamar kifi a tire.”

Na ce masa ya tuna Inna, ya tuna Hauwa, ya tuna cewa in an kore shi ba wanda zai ɗauke su. Na faɗa da muryar da ta rage mini, wadda ba ta fi ta ɗan tsako ba.

“Uwata ce, Habu, ba taka ba. Ni ya kamata in auna in zaɓa. Kai ka zaɓi naka, sannan ka zaɓa mini nawa.”

Da za a mayar da ni zauren nan yau, gudun nan zan sake yi, kuma abin da ya faɗa zai ci gaba da zama gaskiya. Ya ajiye littafin a kan matakala, a kife don kada shafin ya ɓace, ya ture hannuna daga akwatin, ya ɗora shi a kafaɗa ya sauka da shi bene duka bai huta ba. A titi ya aza shi a kan amalanke, ya ɗaure igiya, ya ja ya ga ta kama, ya ce wa mai jakin ya bi a hankali a wurin ramuka. Sannan ya juya ya hau sama, domin washegari da safe yana da jarrabawa.